Mujiya da Tef ɗin Baba

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau Baba ya fara bi na wurin aiki. Mama ce ta ƙulla abin. Tun da ya yi ritaya daga aikin safiyo, awon filaye, ya hana ta sakat a gida. Ya auna falo, ya auna ɗakin kwana, shekaranjiya kuma ya kira ta musamman ya nuna mata bangon kicin ya karkace da santimita biyu, kamar ita ta gina shi. Ta ce min, "Ki ɗauke shi ya je ya auna muku abin da zai amfane ku, kafin ya waiwayo kaina da tef."

Dama muna neman mai awo. Na'urar da muka daɗe muna haɗawa ta kai matakin gwaji. Aikinta shi ne a ɗora ta kan ƙafa uku, ta watsa wani haske da ido ba ya gani, ta faɗi nisan duk abin da ke gabanta, ta zana ɗakin a kwamfuta. Kafintoci da masu sa tayil muke yi wa ita, don su huta da rarrafe. Dogo, abokin aikina da ke rubuta mata manhaja, ya raɗa mata suna Mujiya saboda manyan idanunta biyu. Baba ya ce tunda ni na haife ta ai jikarsa ce, kuma ba wanda zai kira masa jika mujiya yana tsaye. Dogo ya ba shi haƙuri. Yana juya baya ya ci gaba da kiranta Mujiya.

Gwajin ba shi da wuyar faɗa. A shimfiɗa tef a koridon ofis, daga ƙafar na'ura zuwa ƙofar sito, mita shida. A liƙa salatif a ƙasa duk rabin mita. A tsayar da farin allo a kan alamar, a tambayi Mujiya nawa ta gani. In ta yi daidai da tef ta ci, in ta saɓa ta faɗi. Tef ne alƙali, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Na miƙa wa Baba tef ɗin ofis, ya juya shi a hannu ya ce, "Uwata, wannan ai na tela ne." Ya zaro nasa na ƙarfe mai gidan fata, wanda ya girme ni. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun yana aiki. Na ji daɗi har cikin raina.

Talata, tsakar rana

Baba ya kafa doka. Kullum da safe zai ɓamɓare alamun jiya ya sa sababbi, don wai alamar da ta kwana ba a rantsuwa a kanta. Mai shara na iya ture ta, takalmi na iya jan ta. In ya liƙa salatif kuma sai ya lanƙwasa masa kunne ɗaya, don a samu wurin kamawa gobe. In ya gama sai ya sauka wurin mai shayi na ƙasan bene, ya bar mu da jikarsa.

Rabin mita, ɗaya, ɗaya da rabi, biyu: Mujiya ba ta saɓa da ya wuce milimita uku ba. Dogo ya yi rawa a kan kujera. Da Baba ya dawo na nuna masa, ya ce, "Gado ne. Kakanta bai taɓa cin filin wani ba."

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Murna ta koma ciki. Har mita uku da rabi lafiya lau. Daga huɗu ta fara tangaɗi. A biyar ta ce allon ya fi nisa da santimita huɗu, a biyar da rabi ta ce ya fi kusa da uku. Da a ce gefe ɗaya take kuskure da sauƙi, sai a rage mata ko a ƙara. Amma yau ta zarce, gobe ta gaza, kamar mai ƙarya da ya manta abin da ya faɗa jiya.

Oga ya leƙo ya tsaya a kanmu hannu a aljihu. Ƙarshen wata mutanen kamfanin da za su ɗauki na'urar za su zo, kuma ya riga ya gaya musu ba ta kuskuren da ya kai santimita ɗaya har mita shida. Oga mutumin kirki ne, sai dai bakinsa yakan riga aikinmu isa kasuwa.

Baba ya ce masa, "Yarinya ce, ranka ya daɗe. Za ta yi hankali."

Juma'a, da safe

Dogo ya zo da ido ja. Ya ce laifin manhajarsa ne. Na ce laifin gilashin idon da na zaɓa ne. Mun kusa yin faɗa a kan wanda zai ɗauki laifin.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Mun bi duk abin da ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Mun rufe tagar farkon korido da kwali ko hasken rana ne ke ruɗa ta. Ba shi ba ne. Mun bar ta a kunne ta ɗumama kafin mu fara. Ba shi ba ne. Mun lulluɓe allon da baƙin yadi, nan kam ta makance gaba ɗaya, amma wannan mun san da shi, baƙi yana shanye haskenta. Na kwance ta na ɗaure kowane noti da hannuna. Na mayar da ita, ta kalle ni da idanun nan nata ta maimaita ƙaryarta.

Wani abin dariya yau. Oga ya rataye kwat ɗinsa a ƙofar sito, can ƙarshen korido. Baba ya shigo da safe ya ɗaga hannu ya gaishe shi, har da tambayar iyali. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya ce ai kwat ɗin ya fi mai shi amsa gaisuwa. Ni ma na yi dariya.

Talata, bayan cin abincin dare

Baba ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Mama ta goge teburin tana ci gaba da ba ni labarin maƙwabciya, ko numfashi ba ta canja ba. Hannunta ya yi saurin da ba na yau ba ne.

Laraba, tsakar rana

Ban san yadda zan rubuta wannan ba, don haka zan rubuta shi kamar rahoton aiki.

Wani ƙaramin noti ya suɓuce min ya gangara ƙarshen korido. Na bi shi na durƙusa ina lalube. Can babu taga, ƙwan fitilar kuma tun bara yake lumshe ido. Tef ɗin Baba yana shimfiɗe a inda ya bar shi ya sauka shan shayi. Na haska da waya don neman noti, sai hasken ya faɗa kan alamar mita biyar.

Ba ta kan biyar. Ta wuce da santimita huɗu.

Na duba ta biyar da rabi, ita kuma ba ta kai ba. Na dawo baya ina dubawa har inda hasken taga yake kaiwa. Daga nan zuwa ƙafar na'ura kowace alama tana kan layinta daram, ko aska ba za ta shiga tsakani ba.

Mujiya ba ta taɓa ƙarya ba. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofar sito. Notin ma ban same shi ba.

Laraba, da yamma

A mota yana ta ba ni labarin wata gona da ya taɓa raba wa 'yan'uwa bakwai ba tare da ko ɗaya ya yi ƙorafi ba. Ya ce shi ko ba tef in ya kalli fili zai faɗi faɗinsa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na ce haka ne, Baba. Na sha jin labarin nan, yau ne kawai na so kada ya ƙare.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Da ya sauka wurin mai shayi na ɗauki waya na tafi ƙarshen korido. Alama huɗu na ɗaga na mayar kan layinsu. Na lanƙwasa musu kunne yadda yake yi.

Muka yi gwaji. Mita huɗu, daidai. Biyar, milimita biyar. Shida, milimita bakwai.

Dogo ya daɗe yana kallon kwamfuta. Ya ce, "Anti, ni fa ban taɓa komai ba tun jiya."

Na ce wataƙila notin da na ɗaure ne.

Ya ce, "Ranar Litinin kika ɗaure noti."

Na ce ya yi aikinsa.

Baba ya dawo aka gaya masa jikarsa ta yi hankali. Ya shafa kan na'urar ya ce, "Ban gaya muku ba? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannu.

Juma'a, da safe

Na sake.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na sake. Ina durƙushe na ga takalmin Dogo a gabana. Ya kalli alamar, ya kalli tef, ya kalle ni. Mutumin da ya kwana biyar yana tuhumar kansa saboda wannan, na zaci zai zazzage min kwandon magana, kuma da ya yi ban da bakin ramawa.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce Laraba na gani.

"Ya sani?"

Na girgiza kai.

Ya fita, ya dawo da sabon ƙwan fitila mai haske kamar na ɗakin tiyata, ya ɗaura shi ba tare da ya taka kujera ba. Tsayinsa dai ya yi rana. Da Baba ya dawo ya ce masa wai shi ne duhun ke sa wa ciwon kai.

Talata, tsakar rana

Ko da sabon ƙwan, biyu sun kauce. Ɗaya ma a mita uku take, inda taga ke haskawa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Yau bai daɗe a wurin shayi ba, ya ce mai shayin ya cika surutu. Na riga na gama gyarana, ina zaune kamar ba ni ba. Ya wuce ƙarshen korido zai naɗe tef. Na hango shi ya durƙusa wajen alamar biyar, ya daɗe. Ba kallonta yake ba, yatsa yake bi da shi a ƙasa. Salatif in an ɗaga shi yakan bar danƙo a inda ya tashi. Ban taɓa tunanin gogewa ba.

Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya sa a aljihu, ya ce wa Dogo sai da safe. Ya wuce ni ya nufi mota. A mota ya kunna rediyo, shi da ya tsani rediyo a mota.

Alhamis, da safe

Bai zo ba. Mama ta ce ya ce bayansa ke ciwo.

Juma'a, da safe

Yau ma.

Da tef ɗin tela muka yi awo. Komai ya fito daidai. Oga ya yi ta yaba mu. Koridon ya yi min faɗi.

Asabar, da hantsi

Ina wanke kwanuka Mama ta shigo ta tsaya a bayana, ta ce, "Me kika yi wa mijina?"

Na gaya mata duka. Ta zauna a kan kujerar kicin, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce, "Ashe gado kika yi a wajena, ba a wajensa ba."

Ta fi wata shida tana yi. Ita ke jera masa takalma a wuri ɗaya. Ita ke karanta masa saƙon waya da sunan wai tana son jin gulma. Ta canja kofinsa zuwa fari mai faɗin baki. Da ya auna bangon kicin ya ce ya karkace, ta bi bayansa da tef ɗin ɗinkinta, bangon lafiyarsa ƙalau. Tura shi wurin aikina ma da biyu ta yi, ko in na gani da idona in iya gaya masa abin da ta kasa.

Na ce, "Mama, ai da kin faɗa min."

Ta ce, "Ke da kika gani kin faɗa masa?"

Muka yi ta wanke kwanukan da an riga an wanke.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ya kira ni falo. Yana zaune a kujerarsa, tef ɗin a kan cinya. Ban zauna a kujera ba, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar da.

Ya ce, "Uwata, a aikinmu mutum yana kuskure. Na yi, waɗanda suka koya min ma sun yi. Wanda ya gani sai ya kira ka, ku tsaya a kan alamar ku biyu, a sake ja. Ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya ne ba a yafewa, a matsar da alamar mutum ba ya nan. Na taɓa korar ma'aikaci a kan haka, yana kuka ina kuka."

Na ce, "Baba, ban so ka ji zafi ba ne."

"Na sani. Da kin ce min Baba ka kauce, da na yi fushi kwana biyu na huce. Amma kin bar ni ina shafa kan jikata ina cika baki a gaban mutane, ku kuna kallo."

Na ce ya yafe min.

Ya ce, "Kunnen salatif ma hagu kika lanƙwasa. Ni dama nake yi. Shekara nawa kina kallona?" Ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan. Can ya ce, "Shi wancan dogon ma ya sani ko? Shi ya sa ya kawo fitilar gidan biki."

Na ce ya sani.

"Yaron kirki ne, sai rashin iya ƙarya. Ki nemi hutu ranar Talata. Uwarki ta daɗe da karɓo katin asibitin ido tana ɓoyewa a cikin akwatin zarenta, tana zaton ban sani ba."

Litinin, tsakar rana

Na nemi hutun. Oga ya buɗe baki zai tuna min baƙi na zuwa Juma'a, ya kalli fuskata, ya rufe.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Mun je, mu uku.

Aka zaunar da shi a kujera, aka kunna allon haruffa. Kafin nas ta ce komai ya tambaye ta mita nawa ne daga kujerar zuwa allon. Ta ce shida. Ya ce ɗakin nan bai kai shida ba, ya ji a ƙafarsa da ya shigo. Ta ce ta madubi ake kallo, shi ke ninka nisan. Ya ce, "To wa ya auna muku wurin madubin?" Mama ta ce masa don Allah ya bar yarinya ta yi aikinta.

Ya karanta babban harafin sama. Na biyu ya canka. Daga nan ya ce, "Ya isa, 'yata, kada in yi miki ƙarya."

Likita ta yi bayani mai tsawo, da hotuna. Akwai abin da za a iya yi, akwai wanda ba za a iya ba. Na biyun ya fi tsawo. Ba zan rubuta shi a nan ba.

A hanyar dawowa Mama ta riƙe masa hannu a bayan mota. Ban taɓa ganin haka ba tun da aka haife ni. Na gyara madubina na kalli titi.

Laraba, da safe

Na fito na same shi a shirye a bakin ƙofa, har da hula. Ya ce duk awon da aka yi a kan alamar da aka matsar a ɓoye ba awo ba ne, ko da ya fito daidai. Sai an sake daga farko, a gaban kowa.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya tara mu a korido, har da Oga. Ya ce kuskuren da aka yi ta ɗora wa na'ura nasa ne, idonsa ne ya daina karanta tef, kuma yana ba Dogo haƙurin barcin da ya rasa. Dogo ya rasa inda zai sa tsayinsa. Ya ce, "Haba Baba, ku daina, ni dama ba na barci."

Sai ya miƙo min gidan tef ɗin, shi ya riƙe kan. Ya durƙusa a ƙafar na'ura ya danne shi da babban yatsa a kan sifili. Na san abin da hakan yake nufi, don tun ina ƙarama na ji yana faɗa: sabon shiga ne ke riƙe kan tef, babba ne ke karantawa. Shekara talatin da wani abu rabonsa da riƙe kai.

Na ja tef ɗin ina tafiya da baya. Yana daga can yana ba da umarni. "Ja sosai, ya yi ciki. A'a, kin cika ja, sassauta. Yauwa, nan. Karanta da ƙarfi kowa ya ji." Ina karantawa, Dogo yana leƙawa ya tabbatar, ina liƙawa. Na lanƙwasa kunnen dama.

A mita shida Mujiya ta saɓa da milimita takwas. Baba ya ce takwas ɗin nan halal ne, a rubuta shi yadda yake.

Juma'a, da yamma

Baƙi sun zo, sun gani, sun yi tambayoyi, sun tafi da fara'a. Oga yana ta waya yana dariya. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi wane ne dattijon da ke riƙe kan tef, Oga ya ce shi ne shugaban awonmu. Na yafe wa Oga abubuwa da yawa yau.

Na zaci zan yi murna fiye da haka.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Baba ya ce in kai shi ofis, akwai gwajin da ya rage. Na ce an gama komai. Ya ce in ɗauko makulli.

Ba kowa a benen. Ya sa na ɗauke Mujiya daga wurinta na kai gefe, ya jawo kujera ya zauna daidai inda ƙafafunta suke tsayawa. Alamun ranar Laraba suna nan. Na ce ai sun kwana. Ya ce yau ya ɗaga musu ƙafa.

Ya ce, "Je ki tsaya a shida. Ki fuskance ni."

Na je na tsaya a ƙofar sito, ƙarƙashin fitilar Dogo.

"Akwai mutum a wurin. Ko ke ce ko kwat ɗin ogan ku, ban sani ba. Matso rabi."

Na matso. Na sake matsowa. A huɗu ya ce mace ce, da mayafi. A uku ya ce mayafin shuɗi ne. Kore ne. Na buɗe baki zan ce haka ne, sai na ce, "Kore ne, Baba."

Ya ce, "Madalla. Rubuta an saɓa. Matso."

A biyu ya ce ya gane tsayuwata, irin ta Mama ce in tana jiran a gama magana ta yi tata. A ɗaya da rabi ya ce akwai fuska amma ba komai a cikinta. Na taka alamar mita ɗaya. Ya karkata kai gefe, ya daɗe yana duba.

"Kaɗan kuma."

Na matso taku ɗaya, na durƙusa don fuskata ta yi daidai da tasa.

Ya ce, "Tsaya nan. Ga ki." Ya daɗe yana kallona, daga goshi har haɓa, kamar yana biya karatu. "Kuka kike yi?"

Na ce a'a.

"A nan dai ba ki isa ki yi min ƙarya ba, ina gani. Ja tef."

Ya danne kan tef ɗin a ƙafar kujerarsa, na ja zuwa gwiwata. Santimita saba'in da biyar. Ya sa na faɗa da ƙarfi, na faɗa. Ya yanki salatif da haƙori ya lalubi ƙasa ya liƙa da kansa.

Ya ce, "Likita ta ce zai ragu. Duk wata za mu zo mu sake ja, mu biyu, kuma abin da tef ya ce shi za ki gaya min. Kafin nan, in kina da magana da ni, kada ki yi min ita daga bakin ƙofa. Ki zo nan."

Na ce to, Baba.

Ya ce mu tafi gida. Na ce ya bari tukuna. Gwiwata ta yi tsami a kan tayil, amma ban tashi ba, shi ma bai sake cewa mu tafi ba.